Zazzaɓin Kaluluwa: Ciwon Matasa da Ke Rikita Gida Idan Ya Kama Babba

Magidanci ne da ya haura shekara 55, ɗan kasuwa, irin mutanen da ba a saba ganinsu a kwance ba. Mako na uku ke nan zazzaɓi yana sauko masa da la'asar, ya kwana yana gumi. An yi masa allurar maleriya, ba ta yi ba. An ce taifot ne, ya shanye maganin, jiki na nan yadda yake. Abinci ya fita ransa. Tafiya daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida ta zama aiki.

Ran nan da safe aka ga idanunsa sun yi rawaya. Nan gida ya rabu. Uwargida ta ce shawara ce, a nemo saiwa a jiƙa. Babban ɗansa ya ce a wuce asibitin koyarwa. Wani aminin maigidan kuwa ya ja yaron gefe ya ce, "Anya babu hannu a ciwon nan na Alhaji?"

Duk wanda ya taɓa jinyar babba ya san irin wannan kai-komo, na zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Galibi amsar tana cikin cututtukan da muka sani: maleriyar da ba a yi wa magani daidai ba, ciwon hanta, tarin fuka, ko wani ciwo a mafitsara. Amma a cikin jerin akwai wani da ba kasafai ake tunawa da shi ba, ko a nan ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, wato zazzaɓin kaluluwa, wanda likitoci ke kira mononukiliyosis. A Ingila da Amurka an san shi da ciwon 'yan sakandare da jami'a. Idan ya faɗa wa mai shekara 50 ko 60, sai ya zo da wata fuska daban.

Ƙwayar da kusan kowa ke ɗauke da ita

Abin da ke haddasa shi ƙwayar bairos ce mai suna Epstein-Barr, dangin wadda ke kawo ƙarambau. Ta yawu take bi: sumba, shan ruwa a kofi ɗaya, cokali ɗaya, tauna wa jariri abinci. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, shi ya sa da wuya majiyyaci ya iya cewa ga inda ya ɗauko ta.

Sama da mutum tara cikin goma na manyan duniya suna ɗauke da ita. Da zarar ta shiga, sai ta laɓe a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwa, garkuwar jiki tana tsare da ita. Lokaci zuwa lokaci takan fito a yawun mutum alhali yana cikin ƙoshin lafiya.

Abin da ya raba mu da Turai shi ne shekarun kamuwa. A gidajenmu na yawa, inda yaro ke tashi daga hannun wannan zuwa cinyar waccan, ƙwayar tana samun sa tun yana rarrafe. Wani bincike da aka yi kan jarirai a Accra a shekarun 1970 ya nuna yawancinsu sun riga sun kamu kafin su cika shekara biyu, kuma ba tare da wani ciwo na a-zo-a-gani ba. Ƙaramin yaro yakan wuce ta da ɗan zafin jiki ko ma babu komai. Wanda ya tsallake yarinta bai gamu da ita ba, shi ne ke shan wuya in ta same shi yana saurayi, don a lokacin garkuwar jikinsa kan mayar da martani mai ƙarfi. Wannan martanin ne ciwon.

Saboda haka sai a faɗi gaskiya: a ƙasar Hausa zazzaɓin kaluluwa a jikin dattijo abu ne da ba a cika gani ba. Ko a Turai, waɗanda suka kai shekara 40 ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba 'yan kaɗan ne. Sai dai kaɗan ɗin nan mutane ne, kuma akwai wata ƙwayar mai suna CMV da ke kawo ciwo kusan iri ɗaya, wadda ta fi yawan yin haka ga waɗanda suka manyanta. Jinyarsu ɗaya ce, haka ma kura-kuran da ake tafkawa a kansu.

Daga Kampala da Ibadan zuwa Landan

Tarihin gano wannan ƙwaya na Afirka ne. Likitocin Turai sun bayyana ciwon tun ƙarshen ƙarni na 19, wani Bajamushe mai suna Emil Pfeiffer ya yi rubutu a kansa a 1889, amma ba wanda ya san musabbabinsa. A 1958 wani likitan tiyata ɗan Ireland, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya ba da labarin wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da maleriya ta yi katutu. Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan a 1961, ya nemi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin daga Uganda. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a madubin ƙara girma.

Nijeriya ma da hannunta. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, an raya ƙwayoyin irin wannan ƙari daga jikin wani yaro, kuma har yau ɗakunan bincike a duniya suna aiki da zuriyarsu. Alaƙar ƙwayar da zazzaɓin kaluluwa kuwa a Filadelfiya ta Amurka aka gano ta, lokacin da wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin Werner da Gertrude Henle ta kwanta da ciwon, aka ga jininta da a da ba shi da alamar ƙwayar yanzu ya nuna ta. An wallafa wannan a 1968.

Yadda yake sauya kama a jikin babba

Ga matashi, alamomi uku ne likita ke nema: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro mai tsanani har da farin danƙo a ciki, da kaluluwa a wuya, musamman ta bayan wuya. Ga wanda ya wuce 40, biyun ƙarshe sukan ɓace. Nazarin da aka yi kan irin waɗannan majiyyata ya nuna kusan rabinsu ne kawai ke samun kaluluwa ko ciwon maƙogwaro. Abin da ke fitowa fili shi ne zazzaɓi mai dogon zango, wanda kan haura mako biyu, da ciwon jiki, da kasala, da taɓuwar hanta. Kusan ɗaya cikin huɗu idanunsa kan yi rawaya, alhali a matasa bai kai ɗaya cikin goma ba.

Nan ne ruɗanin yake. Likita a Birmingham da ya ga dattijuwa da zazzaɓi da shawara zai fara tunanin tsakuwa a matsarmama, ko ciwon hanta, ko sankarar jini. Ba laifinsa ba ne, domin a wannan shekarun su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi kisa. Akan kai ga hoton ciki, wani lokaci har a yanki tsoka a gwada, kafin wani ya tuna da ciwon da ake ɗauka na ɗalibai ne. Iyali kuwa sun shafe makonni cikin fargaba.

Likita a Kano ko Maraɗi jerinsa ya fi haka tsawo. Ban da maleriya da taifot, akwai ciwon hanta nau'in B da ya yi mana yawa, akwai tarin fuka da ke kama kaluluwa, akwai farkon shigar ƙanjamau wanda alamominsa ke kama da na wannan ciwo sak. A Nijeriya kuma, musamman da rani, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma ya zo da ciwon maƙogwaro dole a kawo zazzaɓin Lassa a rai. Don haka babu wanda ya isa ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukuncin cewa zazzaɓin kaluluwa ne ke damunsa. Sunan da ake kaiwa gare shi ne bayan an kore waɗanda suka fi shi haɗari.

Gwajin da ke haskawa da wanda ke ruɗarwa

Gwajin farko mai sauƙi ne, kuma yawancin manyan asibitoci suna yi: ƙidayar ƙwayoyin jini, tare da shafa jinin a gilashi a duba. A wannan ciwo akan ga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa kuma surarsu ta sauya. Sai gwajin aikin hanta. Akwai kuma gwajin gaggawa da ake kira Monospot, amma yakan kasa nuna ciwon a makon farko, kuma ya fi yin kuskure a kan manya da ƙananan yara.

Wanda ya fi tabbas shi ne gwajin sinadaran garkuwa da jiki ke yi wa ƙwayar kanta. A nan akwai tarko. Nau'in da ake kira IgM shi ke nuna sabon kamu. Nau'in IgG kuwa yana nan a jinin kusan kowane baligi a cikinmu, tun daga yarinta. Wanda aka miƙa wa takarda aka ce an ga Epstein-Barr a jininsa, ya tambaya wane nau'in aka gani, kada a ɗora wa tsohuwar ƙwaya laifin sabon ciwo a bar ainihin abin yana ci.

Irin wannan matsalar ce ta gwajin Widal da ake yi wa taifot a kowane lungu. Likitoci sun daɗe suna cewa gwaji ɗaya na Widal ba hujja ba ne a wurin da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da cutar. Amma da shi ake ɗora dattijo a kan magani bayan magani.

Ba shi da magani, amma yana da jinya

Babu rigakafin wannan ƙwaya tukuna, ko da yake ana gwada wasu. Magungunan kashe bairos da ake da su ba su rage tsawon ciwon ba. Jiki ne ke yin yaƙinsa, kuma ga yawancin mutane zazzaɓin da ciwon wuyan sukan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Aikin mai jinya shi ne ya tallafa wa jikin, kuma ya kare shi daga abin da zai ƙara masa nauyi.

A ganina nan ne haɗarin ya fi yawa a wajenmu, fiye da ƙwayar kanta. Mai ciwon maƙogwaro yakan aika yaro kemis a sayo amoksisilin ko Ampiclox. Waɗannan ba sa taɓa bairos, kuma a wannan ciwo musamman sukan fesar da ƙuraje ja a duk jiki, sai a shiga sabon tashin hankali. Farasitamol yana sauke zazzaɓi, amma hanta ce ke sarrafa shi, ga ta kuma a kumbure. Iyakarsa ga baligi mai lafiya giram huɗu ne a kwana guda, kuma ga tsoho, ko mai ƙaramin jiki, ko wanda hantarsa ta taɓu, likita kan rage. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, mutum ya haɗa biyu ko uku bai san ya ninka ba. Ibuprofen da diclofenac kuwa ba abokan mai olsa ko hawan jini ko ciwon ƙoda ba ne, kuma waɗannan su ne cututtukan masu shekaru.

Sai jiƙe-jiƙen shawara. Masu ba da su za su ce sun ga mutane da dama sun sha sun warke, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin shawarar da wannan ciwo ke kawowa takan washe da kanta cikin makonni ko an sha ko ba a sha ba. Abin tsoron shi ne ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kwalbar, hanta mai rauni kuma ita za ta tace shi. Haka nan kai babba wurin wanzami a cire masa beli saboda ciwon wuya: ciwon ba a belin yake ba, sai dai a ƙara masa rauni da zubar jini.

Su ma likitoci suna da nasu saɓanin, a kan magungunan rage kumburi irin su prednisolone. Wasu kan bayar don a samu sauƙin haɗiya. Mafi rinjayen ra'ayi shi ne a ajiye su sai in maƙogwaro ya kumbura har yana neman toshe numfashi, ko an samu wata babbar matsala a jini. Ga mai ciwon suga ma sukan hargitsa masa sugan.

Abin da ya rage mai sauƙi ne: ruwa da yawa, kunu, koko, romo, fate, duk abin da zai wuce maƙogwaro ba da faɗa ba, da kurkure wuya da ruwan ɗumi mai gishiri. Tsoho yakan bushe da wuri kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a riƙa miƙa masa, kada a jira ya nema. Mai shan giya ya ajiye ta har hanta ta koma daidai. Mai shan maganin hawan jini ko suga ya tambayi likitansa yadda zai yi da su a kwanakin da ba ya cin abinci.

A kula da saifa

Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma a wannan ciwo takan kumbura ta yi laushi. Fashewarta ba ta cika faruwa ba, mutum ƙalilan ne cikin dubu, amma idan ta faru jini ne ke zuba a cikin ciki kuma sau da yawa tiyatar gaggawa ce. An fi ganin haka a makonni uku zuwa huɗu na farko. Shi ya sa ake hana ɗaukar kaya mai nauyi da wasannin da ake karo na aƙalla wata guda.

A littattafan Turawa gargaɗin na 'yan ƙwallo ne. A wajenmu ya shafi ɗaga buhun hatsi, jan ruwa a rijiya, daka, huɗa a gona, da doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada. Ya kuma shafi mai tausa da ke danna ciki.

Ciwo mai tsanani kwatsam a saman ciki ta hagu, musamman in yana harbawa zuwa kafaɗar hagu, ko jiri da sanyin hannu da ƙafa, ba abin jiran wayewar gari ba ne. Haka wahalar numfashi, ko kasa haɗiye yawu, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko rikicewar hankali. A nufi asibiti a lokacin.

Gajiyar da ido ba ya gani

Zazzaɓi ya sauka, ido ya washe, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa. A wurin jama'a an warke. A wurin majiyyaci kuwa yanzu aka shiga zango mafi tsawo. Zai yi wanka ya ji kamar ya yi noma. Zai zauna a kan lissafin shago ya ga lambobi sun ƙi zama a kansa. Yau ya tashi garau ya zaga kasuwa, gobe da jibi ya kasa ɗaga kai.

Ga mafi yawa wannan gajiya tana tafiya cikin wata biyu zuwa uku. Amma kusan ɗaya cikin goma yana fama da ita har bayan wata shida. Wani bincike da aka yi a yankin Dubbo na Ostareliya, aka wallafa a 2006, ya bi mutanen da suka yi wannan ciwo da wasu cututtuka biyu, ya gano cewa abin da ya fi nuna wanda gajiyar za ta daɗe a jikinsa shi ne tsananin ciwon tun farko, ba halinsa ko raunin zuciyarsa ba. Ɗan wasan tanis na Suwidin, Robin Söderling, wanda ya doke Rafael Nadal a gasar Faransa ta 2009, ya kamu a 2011 yana kan ganiyarsa, bai sake buga gasa ba har ya yi ritaya a 2015. Nasa ya yi tsanani fiye da na yawancin mutane, amma ya isa hujja cewa abin ba lalaci ba ne.

A da likitoci kan ce a kwanta a gado makonni. Yanzu sun bar wannan, don doguwar kwanciya tana zubar da ƙarfin tsoka, kuma babba ya fi yaro saurin rasa ta da wuyar mayar da ita. Amma akasin haka ma kuskure ne, wato a ce a daure a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a riƙa kashe ƙarfi kamar kuɗin cefanen da dole ya kai ƙarshen wata: a san abin da ke hannu, a raba shi, kada ranar da aka ji daɗi a kashe na kwana uku. Tafiyar minti biyar ko goma a tsakar gida, in jiki ya karɓa kwanaki a jere sai a ƙara. In an wayi gari an koma baya, a rage. Barcin rana ya zama gajere don kada ya kori na dare.

Al'adarmu tana da abin da ke taimako da abin da ke cutarwa a nan. Ba ma barin majiyyaci shi kaɗai, kuma wannan alheri ne da dattijon da ke zaune shi ɗaya a wani bene a Landan zai so ya samu. Amma zaman karɓar 'yan dubiya daga safe zuwa dare aiki ne, kuma mai gida ba zai iya cewa a tafi ba. Wani daga cikin 'ya'ya ne zai tsaya a ƙofa ya ce Baba ya samu barci. Sannan akwai "da sauƙi". Amsa ce ta ladabi da tawakkali, kuma tana da kyau a bakin mai amsa gaisuwa. A gaban likita kuwa sai a faɗi abin da ake ji dalla-dalla.

Mata sun fi shiga matsi. Uwar gida mai shekara 50 da ido ya nuna ta warke, ba wanda zai ɗauke mata girki da rainon jikoki sai in an yi niyya. Ma'aikacin gwamnati yana iya kawo takardar likita ya nemi a sassauta masa, ya fara da rabin yini. Mai sana'ar hannu da ɗan kasuwa ba su da wannan gatan, ranar da ba su fita ba babu na cefane. A nan dangi ne inshorarsu, kuma gara a tallafa musu wata biyu da a bar su su koma da wuri su sake kwanciya.

Batun ibada ma yakan dami dattawa fiye da yadda suke faɗa. Sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne: ya yi salla a zaune, ya ajiye azumi ya rama in ya warke. Wanda hantarsa ba ta gama daidaita ba, ko yake fama da bushewar jiki, ya haɗa shawarar likita da ta malaminsa kafin ya ɗauki azumi.

Ba a killace mai wannan ciwo. Matarsa ko mijinta kusan tabbas sun riga sun haɗu da ƙwayar tun suna yara. Ya dai keɓe kofinsa da cokalinsa da asuwakinsa, ya kuma dakata da sumbatar jikoki a baki, domin ƙwayar takan daɗe a yawu watanni bayan an warke.

Wasu kan karanta cewa ƙwayar tana da alaƙa da sankara sai hankalinsu ya tashi. Alaƙar gaskiya ce, da sankarar Burkitt, da wata ta bayan hanci, da wasu na kaluluwa, kuma wani babban bincike kan sojojin Amurka da aka fitar a 2022 ya ɗaure ta da wata cutar jijiyoyi. Amma biliyoyin mutane ne ke ɗauke da ita, kuma ƙalilan ne ƙwarai ke gamuwa da waɗannan.

Abin da ya wajaba shi ne komawa asibiti bayan an ce an warke, a sake gwajin hanta da na jini a tabbatar sun koma daidai. Kaluluwar da ta wuce wata guda ba ta sace ba, ko take ƙara girma da tauri, ko gumin dare da rama da suka ƙi tsayawa, ko gajiyar da ta haura wata uku babu alamar sauƙi, duk suna bukatar a sake bincike daga tushe, har da gwajin suga da ƙarancin jini. Ga 'ya'yan da ke jinyar iyaye kuwa: idan zazzaɓin Baba ko Inna ya wuce mako guda bayan an gama maganin maleriya, kada a koma kemis. A kai su wurin likita, a tafi da duk kwalayen magungunan da suka sha, a kuma nemi a yi musu cikakken gwajin jini da na hanta.